Monita biyu a laftof ɗaya: me ya sa duka biyun ke nuna abu guda?

Shin laftof ɗaya za ta iya ɗaukar monita biyu, kowace tana nuna nata abin daban? Tambayar tana yawan tasowa a shagunan kwamfuta na garuruwa irin su Bichi, Gwarzo, Ringim da Gumel, musamman a bakin masu buga takardu, masu haɗa bidiyon biki, malaman da ke shigar da makin ɗalibai, da samarin da ke wuni suna sa ido a kasuwar kiripto. Amsar ita ce yawancin laftof za su iya. Sai dai abin da aka fi miƙa wa mutum a kasuwa idan ya yi wannan tambayar, ba shi ke yin aikin ba.

Ga yadda abin kan faru. Mutum ya biya kuɗin mota daga Gumel zuwa Kano, ya shiga Beirut Road, ya tsaya gaban mai tebur ya ce, "Malam, abin haɗa monita biyu da laftof nake nema." Mai tebur ya zaro wani ɗan baƙin akwati mai ramin HDMI uku, bai fi tafin hannu ba, ya ce, "Ga shi nan, Alhaji. Ɗaya ta shiga, biyu su fita." Ya dawo gida da magariba, ya jona, monitocin biyu suka kama tar. Can sai murna ta koma ciki: abin da ke kan ta dama shi ne a kan ta hagu, in ya motsa linzami a nan sai ya motsa a can. Ba jabu aka ba shi ba, akwatin lafiyarsa ƙalau. Ba don wannan aikin aka ƙera shi ba ne kawai.

Kwafi daban, faɗaɗawa daban

Hanya biyu ce ake nuna hoto a allo fiye da ɗaya. Ta farko kwafi, wadda Windows ke kira Duplicate: hoto guda ake maimaitawa. Ta biyu faɗaɗawa, wato Extend: kowane allo ya zama yanki na wani babban teburi, ka ja Excel ka ajiye a dama, takardar da kake kwafowa tana hagu, WhatsApp yana kan allon laftof. Mai neman monita biyu wannan ta biyun yake nufi.

Ɗan akwatin can sunansa sifilita. Hoto ɗaya take karɓa ta kwafe shi gida biyu, huɗu ko takwas. Ita ce ke aiki a gidan kallon ƙwallo, inda dikoda ɗaya ke ciyar da talabijin huɗu, kuma a can babu kamarta. Laftof kuwa ba ta ma san an raba komai ba. A wajenta monita ɗaya ce a jone, shi ya sa in ka shiga saiti lamba 1 da 2 kawai za ka gani, babu 3. Babu direba (ƙaramar manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki da kwamfuta) ko wata manhajar da za ta gyara wannan. Akwai kuma wata mai kama da ita da ake kira siwic, wadda aikinta akasin haka ne: dikoda da laftof da gem su shiga, ka zaɓi wanda zai fito a talabijin ɗaya. Ita ma ba ta cikin wannan magana.

Kafin a faɗaɗa, dole laftof ta zana wa kowane allo nasa hoton, sannan ta sami hanyar fitar da kowanne. Tambayoyin ke nan guda biyu: ƙofofin fitar da hoto nawa ne a jikinta, kuma hoto nawa injin da ke cikinta ke iya zanawa a lokaci guda?

Ƙofofin da ke fitar da hoto

Ɗauki laftof ɗin ka duba gefe da gefe da baya. VGA ita ce mai ƙananan ramuka 15 a layi uku, sau da yawa shuɗiya. Tsohuwa ce, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita, hoto kaɗai take ɗauka ba sauti, amma har yau ita ce ta cika monitocin hannu da ke kasuwanninmu. HDMI kowa ya san ta daga dikoda, an datse kusurwoyinta biyu na ƙasa. DisplayPort tana kama da HDMI ƙwarai, sai dai kusurwa ɗaya kaɗai aka datse mata, kuma an sha lalata ta wajen tura mata kebul ɗin HDMI da ƙarfi. Kan kebul ɗinta yakan zo da makulli, sai ka danna shi kafin ka zare. Wanda ya fizga ba tare da dannawa ba yana iya fitowa da haƙoran ƙofar. Tana da ƙarama mai kusan murabba'i da ake kira Mini DisplayPort.

Abin daɗi shi ne laftof na ofis na hannu da suka cika gari yawancinsu ƙofa biyu gare su. HP EliteBook 840 G1 zuwa G3 da Folio 9470m da 9480m suna da VGA da DisplayPort. Dell Latitude E6420 da E6430 suna da VGA da HDMI. Lenovo ThinkPad T440 da T450 suna da VGA da Mini DisplayPort, T460 kuma HDMI da Mini DisplayPort. Mai irin waɗannan ba ya buƙatar wani akwati: monita ɗaya a wannan ƙofar, ɗaya a waccan, shi ke nan. Mutane da dama suna yawo da maganin a cikin jakarsu suna nemansa a kasuwa.

USB-C ce mai yaudara. Ƙofar siffa ɗaya ce a ko'ina, amma abin da ke bayanta ya bambanta. Wata caji da fayil kawai take ɗauka, wata tana fitar da hoto. In ka ga alamar walƙiya kusa da ita, Thunderbolt ce, tana fitar da hoto. In ka ga alamar harafin D da P a haɗe, ita ma tana fitarwa. In babu alama ko kuma SS kawai aka rubuta, nemi cikakken sunan laftof ɗin a ƙasanta ka duba bayanin kamfanin kafin ka sayi komai. EliteBook 840 G3 tana da USB-C amma ba ta fitar da hoto, alhali 840 G5 da ThinkPad T480 suna da Thunderbolt. Kebul ma haka: wanda ya zo da cajar waya galibi wuta da ɗan fayil yake ɗauka, ko ƙofar na da hoto ba zai wuce ta cikinsa ba.

Iyakar da ke cikin injin

A nan gizo ke saƙar, domin ba a ganin wannan da ido. Sashen da ke zana hoto a cikin laftof yana da adadin allon da zai iya ɗauka, kuma allon laftof ɗin kansa yana cikin ƙirga. Monita biyu da allon laftof, uku ke nan.

A laftof masu injin Intel, lambar injin ce ke faɗa maka. Shiga Settings, System, About, za ka ga abu kamar i5-2520M ko i5-6300U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato generation: 2520M zubi na 2, 6300U zubi na 6, amma mai lambobi uku kacal, kamar 520M, zubi na 1 ne. Daga zubi na 10 lambobi biyu ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7. Zubi na 1 da na 2, waɗanda suka fito a 2010 da 2011, allo biyu kacal suke ɗauka. Zubi na 3 na 2012 yana ɗaukar uku amma da sharaɗi, galibi sai biyu daga cikinsu sun bi ta DisplayPort, shi ya sa haɗin VGA da HDMI da allon laftof yakan ƙi a kansu. Daga zubi na 4 zuwa na 10 uku ne. Daga na 11 ya koma huɗu. Wasu ƙananan injina irin su Celeron N2840, da ke cikin laftof masu araha da yawa, biyu ne iyakarsu.

Me wannan ke nufi ga mai E6420, wadda zubi na 2 ce? Ya jona VGA ta kama, ya jona HDMI sai ɗaya daga cikin ukun ta mutu, ko Windows ta ƙi karɓar saitin. Ba lalacewa ba ce. Zai iya samun monita biyu na waje, amma sai ya haƙura da allon laftof ɗin, ya kashe shi a saiti. Ga mai aiki a kan teburi da kibod da linzami na waje, wannan ba wata asara ba ce.

Masu MacBook nasu lissafin daban. MacBook Air mai M1 ta 2020 da mai M2 monita ɗaya kaɗai suke ɗauka, duk da ƙofa biyun da ke jikinsu. Mai M3 ta 2024 tana ɗaukar biyu idan an rufe murfinta, mai M4 ta 2025 kuma tana ɗauka ko a buɗe. Wanda ya zuba kuɗi a M1 don aikin bidiyo ya kamata ya san wannan kafin ya sayi monita ta biyu.

Idan ƙofa ɗaya ce tak

Laftof na gida masu HDMI guda ɗaya su ne suka fi jefa mutane hannun sifilita. HDMI hoto ɗaya take ɗauka, babu dabarar da za ta mai da shi biyu. Dole a nemi wata hanyar, kuma ya danganta da abin da laftof ɗin ke da shi.

In laftof ɗin ta ofis ce, duba ƙasanta ko gefenta ko akwai wata doguwar ƙofa mai faɗi. Ta dok ce, wato mazaunin da ake ɗora laftof a kai ya ƙara mata ƙofofi. HP UltraSlim na tsofaffin EliteBook yana ba da VGA da DisplayPort, Dell E-Port Plus na Latitude masu harafin E yana ba da DisplayPort biyu, DVI (wata farar ƙofar hoto mai faɗi) biyu da VGA. Na hannu suna shigowa tare da laftof ɗin, kuma da yake ba kowa ya san amfaninsu ba sukan daɗe a kan kanta. Abu biyu za a kiyaye: dok yana buƙatar a jona masa caja, kuma yawan ramuka ba shi ne yawan hoto ba. A jikin E-Port Plus, kowace DVI tana raba hanya ɗaya da DisplayPort ɗin da ke kusa da ita, ɗaya za ka zaɓa a kowane ɓangare. Iyakar injin da aka ambata a sama kuma tana nan daram.

In ƙofar DisplayPort ce ko USB-C mai hoto, to an dace, domin ita DisplayPort tun daga zubinta na 1.2 tana iya ɗaukar hotuna daban-daban a waya ɗaya. Sunan fasahar MST. Akwai ƙananan akwatuna masu ita, kebul ɗaya ya shiga, HDMI biyu su fita, kowace da nata hoton. A ido ba su da bambanci da sifilita, don haka karanta kwalin: in ba a rubuta MST ko Extend ba, ajiye. Wasu monitoci kuma, irin su Dell U2414H da U2415, suna da DisplayPort ta shiga da ta fita, sai ka jona laftof da ta farko, ta farko da ta biyu, kamar jerin raƙuma. Sai an shiga menun monitar farko an kunna DisplayPort 1.2 ko MST, don sau da yawa a kashe yake zuwa. A injin Intel wannan yana aiki ne daga zubi na 4. A kan Mac kuwa MST kwafi kawai take bayarwa, akwatin da ya faɗaɗa a Windows zai nuna abu guda a monitocin biyu.

Waya ɗaya tana da iyakar abin da za ta kwasa. Monita mai ɗigo 1920 a 1080 da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa tana cin gigabit 3.5 ko kusa da haka. DisplayPort 1.2 tana ba da 17.28, amma akwatin USB-C da ke ɗauke da ramukan USB 3.0 yakan raba hanyar biyu, ya bar wa hoto 8.64. Wannan ya ishi monita biyu irin na kasuwarmu. Monitar 4K guda ɗaya, wato mai ɗigo 3840 a 2160, a 60 tana neman sama da 12, shi ya sa take faɗowa 30, linzami ya riƙa tafiya kamar yana ɗingishi.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saura USB ta yau da kullum. Akwai adafta mai kan USB da ƙarshen HDMI ko VGA, wadda a cikinta akwai ɗan injin hoto. Laftof tana matse hoton ta tura mata ta USB, ita kuma ta warware shi. Fitattun su ne masu guntun DisplayLink. Da yake ba ta bin ta sashen fitar da hoto na laftof, tana tsallake iyakar allo biyun nan, kuma ita ce mafitar masu zubi na 2 da masu MacBook M1. Ba ta aiki sai an sa mata direba. Wajen rubutu, Excel, cike fom da duba sakamakon WAEC ko NECO, ba za ka ga bambanci ba. Wajen haɗa bidiyo da gem kuwa za ka ga jinkiri, injin ya ƙara zafi, wasu shafukan fina-finai masu kariya ma su nuna baƙi. Mai bidiyo ya sa aikinsa a monitar da ke kan HDMI, ya bar wa ta USB manyan fayiloli da WhatsApp. A jona ta a ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe ko alamar SS. Masu araha marasa suna da yawa in aka sa su a USB 2.0 sai hoton ya faɗo 800 a 600, komai ya kumbura. Araha ba ta ado.

Tsohuwar tabulet ko waya ma takan zama allo da manhaja irin spacedesk, a kan Wi-Fi ɗaya ko hotsifot, kuma hoton a tsakaninsu yake yawo ba ya bi ta intanet. Ta isa ajiye takarda a gefe, ba ta isa aikin wuni ba.

Adafta tana da gaba da baya

Yawancin monitocin hannu VGA ce da su, wasu da DVI, laftof kuma HDMI ko DisplayPort. Adaftar da aka rubuta HDMI to VGA tana nufin hoto ya fito daga HDMI ya shiga VGA, ba ta juyuwa. In laftof ce mai VGA, talabijin kuma HDMI, wata daban ake nema, VGA to HDMI, mai jelar USB ta shan wuta da wayar sauti. Haka DisplayPort to HDMI: daga laftof zuwa monita take tafiya, ba ta dawowa. HDMI da DVI kuwa harshensu ɗaya, kebul kawai ya isa kuma yana aiki ta kowane ɓangare, hotonsa ya fi na VGA tsabta nesa ba kusa ba. In monitarka na da farar ƙofar DVI, yi amfani da ita. Kada a jera adafta a kan adafta. Kowace mahaɗa wurin matsala ce.

Saitin cikin Windows

Jona kebul, kunna monitocin, ka tabbata kowace tana kan mashigar da ka jona, da maɓallin Input ko Source. Danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Extend. Sai ka danna dama a fili a kan allo, ka shiga Display settings. Za ka ga akwatuna masu lamba 1, 2, 3. Danna Identify, kowace monita za ta nuna lambarta. Ja akwatunan su jeru yadda monitocin suke a kan teburi, ka danna Apply, in ba haka ba za ka tura linzami dama ya ɓullo ta hagu. In ɗaya ba ta bayyana ba, danna Detect. In ta bayyana a dushe, zaɓe ta ka sauka ƙasa ka ɗauki Extend desktop to this display. Nan ne kuma ake kashe allon laftof ga masu iyakar biyu, da Disconnect this display.

Kowace monita a bar ta a kan yawan ɗigon da aka rubuta wa Recommended. Mai inci 17 ko 19 mai murabba'i 1280 a 1024 ce, mai inci 19 mai faɗi galibi 1440 a 900 ko 1366 a 768, masu inci 22 zuwa 24 yawanci 1920 a 1080. Windows da Shift da kibiyar dama ko hagu suna cilla tagar manhaja daga wannan allon zuwa wancan. Mai yawan buga wasiƙu da takardun A4 ya gwada tsayar da monita ɗaya a tsaye ya zaɓi Portrait, shafi gaba ɗaya zai fito ba sai yana ja ba.

Wanda zai rufe murfin laftof ya shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ya zaɓi Do nothing a ƙarƙashin Plugged in kaɗai. In ya sa har da On battery, wata rana zai rufe ta ya jefa a jaka tana kunne, ya isa inda za shi ta yi zafi kamar dutsen guga. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Haɗejiya da Gumel ke haura digiri 40, gara a bar murfin a ɗan buɗe, a ɗaga bayan laftof ɗin da ɗan katako iska ta shiga. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, a riƙa hure ta.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

Wanda ya fi yawa bai ma shafi kebul ba. An kai laftof an yi mata fomatin, mai gyara ya sa Windows bai sa direban hoto ba. Buɗe Device Manager ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter maimakon Intel, AMD ko NVIDIA, to babu faɗaɗawa sai an sa direba. A sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin ko ta Windows Update, a wurin da sabis ke da ƙarfi.

VGA kuwa da launi take faɗin ciwonta. Haƙoranta uku na farko su ne ja, kore da shuɗi. In allo ya koma ruwan hoda ko shunayya, koren ne ya yanke. In ya koma rawaya, shuɗin ne. In ya koma ruwan sararin samaniya, jan ne. Zare kan kebul ɗin ka haska da fitilar waya, sau da yawa za ka ga haƙori ɗaya ya kwanta. Da bakin allura ko ɗan ƙaramin sukundireba a hankali ake miƙar da shi. A ɗaure sukurorin nan biyu na gefe, ba ado ba ne. Wasu siraran kebul marasa kyau kuma ba su da wayoyin da monita ke faɗa wa laftof girmanta da su, sai ka ga Windows ta maƙale a 1024 a 768 ta ƙi wucewa. Canza kebul, ba monita ba. In rubutu ya yi dishi-dishi ko hoto ya karkace gefe, danna maɓallin Auto a jikin monitar.

Layuka masu rawa suna hawa da sauka a allo, musamman a kan janareta ko inbata mai araha? Zare cajar laftof ka gani. In sun ɓace, ƙazantar wuta ce ke shiga ta VGA. Maganin shi ne caja ta asali, kebul mai kauri mai ƙullutu a ƙarshensa, ko a koma HDMI ko DVI waɗanda wannan ba ta cika damunsu ba.

Sauti ya ɗauke bayan an jona HDMI? Windows ta tura shi monitar da ba ta da lasifika. Danna alamar sauti ka mai da shi Speakers. Talabijin ta yanke gefunan hoto? Shiga saitin girman hoto ka zaɓi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung. A kuma sani cewa talabijin masu inci 32 da yawa ɗigonsu 1366 a 768 ne, girma ne kawai, rubutu a kansu ya fi na ƙaramar monita muni. In allo ya daskare ko ya yi baƙi haka kawai, Windows da Ctrl da Shift da B tare suna farfaɗo da direban hoto ba sai an kashe laftof ba.

Akwai kuma wanda ke cin kuɗi sosai. Shaguna da yawa a karkara waya biyu kawai aka ja musu, babu ta ƙasa. In ka taɓa ƙarfen kan HDMI ka ji yana ɗan ja, alama ce. Jona shi a haka, talabijin na kan janareta laftof na kan wata soket daban, yana iya ƙona ƙofar HDMI, gyaranta kuma aikin bod ne. A haɗa komai a kan ekstenshan ɗaya mai kariya daga bugun wuta, a jona kebul tukuna sannan a kunna soket. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare duka.

Lissafin wuta

Monita ba ta da batir. Da an ɗauke wuta za ta mutu, tagogin duka su taru a kan allon laftof. Windows 11 tana da zaɓin tuna inda kowace taga take, a ƙarƙashin Multiple displays. Amma ga wanda ke ƙauyen da wutar KEDCO ke leƙowa jefi-jefi, ainihin tambayar ita ce sola ko janareta za su ɗauka?

Janareta ko ƙarami ne ba zai ji su ba. Sola ce ke son lissafi. Monitar LED mai inci 19 zuwa 24 tana cin wat 15 zuwa 30. Tsofaffin LCD masu kaurin baya, waɗanda ke ɗumi in ka dafa samansu, sukan ninka haka. A ɗauka laftof tana cin 40, monitoci 20 kowace, 80 ke nan. Aikin awa 8 ya zama 640, da abin da inbata ke cinyewa a ce 750. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin mai ruwa ko jel rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Bai kai ba. Mai amfiya 200 ya kai har da rara. Da rana faifan sola mai wat 300 zai riƙe su yana kuma cajin batir, matsalar ta aikin dare ce. Rage hasken monita zuwa rabi yana rage cin wuta sosai, ido ma ya huta. Kafin a jona monitar hannu a duba takardar bayanta a ga an rubuta 100 zuwa 240V, don wutarmu 230 ce.

Monita ta biyu ba ta cin data, ba ta kuma shan batirin laftof sosai in tana da wayar wutarta. Nauyin da wasu ke ji ba daga allon ba ne kai tsaye: mai allo uku yakan buɗe abubuwa da yawa a tare, laftof mai RAM gig 4 da tsohon hadis (hard disk) kuma sai ta fara nishi. RAM gig 8 da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri da ke maye gurbin hadis, sun fi monita ta biyu muhimmanci, su ya kamata a fara saya.

Kowa ne ke buƙatar biyu?

Masu gyara da yawa suna ganin monita ɗaya mai inci 24 tare da allon laftof ta wadatar, tunda Windows da kibiyar hagu ko dama suna raba allo gida biyu. Ga mai buga takardu da malamin makaranta, suna da gaskiya: kebul ɗaya, wuta kaɗan, babu adafta. Biyun suna biyan kuɗin sabulu ne ga mai haɗa bidiyo, ga mai duba jadawali da yawa a tare, da kuma mai shagon da ke son juya wa abokin ciniki allo ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: ɗalibi yana zaune yana ganin sunansa da ranar haihuwarsa ana shigarwa, ya ce "Malam, harafi ɗaya ya faɗi" kafin a tura, ba bayan an biya ba. Shi kuwa wannan aikin, in kwafi kawai ake so, sifilitar da aka riga aka saya ma za ta yi shi.

Wanda zai shigo Kano sayayya daga Rano ko Kazaure ya taho da laftof ɗinsa da cajarta, da hoton ƙofofin bayan monitocinsa a waya. A gaban mai kaya a jona monita biyu, a danna Windows da P, a zaɓi Extend, a buɗe Notepad a ja shi daga wannan allon zuwa wancan. In ya bar ɗaya ya koma ɗaya, a biya. In ya fito a duka biyun, a mayar masa da kayansa tun ba a hau motar gida ba.